Amsa kan koyon ƙirga da Jamusanci kafin jarrabawar A1

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce kina shirin jarrabawar A1, wato matakin farko na Jamusanci, ta cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe-Institut domin bizar zuwa wurin maigidanki, kuma kin haddace daga eins zuwa zwanzig, wato ɗaya zuwa ashirin, amma da zarar an faɗi farashi ko lambar waya da sauri sai komai ya kuɓuce miki. Na daɗe ina zaune a Jamus, na kuma taimaka wa 'yan'uwa da dama kan wannan, kuma abin da na lura da shi shi ne haddar ba ta cika wahalar da kowa ba, kunne ne yake buƙatar horo.

Matsalar tana farawa ne daga 21. Bajamushe yana fara faɗin ƙaramar lamba kafin babbar, sai ya ce einundzwanzig, wato ɗaya da ashirin, ya kuma rubuta shi kalma guda. Mu da muka saba da ashirin da ɗaya, hannunmu yana rubuta abin da kunne ya fara ji, shi ya sa mutum zai ji vierundfünfzig ya rubuta 45 alhali 54 ake nufi. Idan kin yi Islamiyya kin riga kin san wannan tsari, domin haka Larabci yake yi a wahidun wa ishruna, kuma ni da wannan na fahimce shi. Shawarata ita ce kada ki ɗora alƙalami sai kalmar ta ƙare. Wasu suna barin gurbi su fara rubuta lambar dama sannan ta hagu, amma ban ga dabarar tana ɗorewa ba idan magana ta yi sauri, musamman da yake Jamusawa da yawa suna faɗin lambar waya biyu-biyu.

Ki kuma saurari ƙarshen kalma da kyau, domin tsakanin vierzehn da vierzig, wato 14 da 40, gaɓa ɗaya ce kawai ta bambanta. Sechs (6) yana zubar da harafin ƙarshe a sechzehn (16) da sechzig (60), sieben (7) yana gajarcewa ya koma siebzehn (17) da siebzig (70), sannan daga 20 zuwa 90, a cikin gomomi 30 ita kaɗai ce ba ta ƙarewa da zig, ana rubuta ta dreißig. Harafin z ana furta shi kusa da ts ɗinmu, v ta vier kuwa f ce. A waya za ki ji ana cewa zwo maimakon zwei (2) don kada a rikita shi da drei (3).

Agogo ne ya fi jawo wa baƙi asara, domin alƙawarin likita ko na ofis ba a wasa da shi a nan. Halb drei ƙarfe biyu da rabi ne, saboda suna duban sa'ar da ke tafe ne, wadda aka ci rabinta. Na san wanda ya isa wurin likita sa'a guda bayan lokacinsa saboda wannan, sai da aka sake ba shi wata rana. A gabashi da kudancin ƙasar har dreiviertel drei ake cewa, ma'ana ƙarfe uku saura kwata. Jiragen ƙasa da ofisoshi kuwa da sa'a 24 suke aiki, don haka 14:30 za a ce vierzehn Uhr dreißig.

A rubuce, waƙafi ne yake raba yuro da santi, ɗigo kuma yana raba dubbai, saboda haka 2,50 yuro biyu da santi hamsin ne, 1.500 kuma dubu ɗaya da ɗari biyar. Lamba 1 da suke rubutawa da hannu tana da doguwar ƙugiya har ta yi kama da 7 ɗinmu, don haka ki riƙa ja wa 7 layi a tsakiya idan kina cike fom.

Kullum ki sa wani ya karanta miki lambobi a hargitse, kina rubutawa, sannan ki riƙa faɗin farashin cefanenki da Jamusanci a bayyane. Ki haddace lambar wayarki da ranar haihuwarki sosai, domin a sashen magana mai jarrabawa yakan nemi a faɗi wata lamba, a sashen saurare kuma akwai ɓangaren da sau ɗaya tak ake kunna shi. Allah ya ba da sa'a.