Gudun Combine kaɗai bai isa a auna ɗan wasa ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gudun yadi 40 na Combine (taron gwajin 'yan wasan jami'a kafin ƙungiyoyi su zaɓe su) ya isa a gane ɗan wasan jami'a da zai yi fice a NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Gaskiya bai isa ba. John Ross ya yi shi cikin daƙiƙa 4.22 a 2017, ƙungiyar Bengals ta ɗauke shi na 9 a zaɓen sababbin 'yan wasa, amma rauni ya hana shi sakat. Tom Brady kuwa sai na 199 aka ɗauke shi a 2000, ga shi ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, sau 7.

Ni bidiyon wasannin yaro nake fara kallo, musamman ranar da ya kara da manyan ƙungiyoyin jami'a irin Alabama. Ya yake yi idan an matsa masa lamba? Daga nan sai in duba tarihin raunukansa.