Filin Tambayi Makanike: Ina zan samo wilin asali na a-kori-kurar Babanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema akan motar da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, Fijo 404 ce a-kori-kura, da ita yake jigilar hatsi zuwa kasuwar Dandume tun kafin a haife ni. Ta fi shekara goma a ajiye a bayan gida, bana dai na ɗaura niyyar tada ita, an yi inji an yi bodi saura fenti. To wili ne ya tsaya mun a rai, na gaba biyu lafiyarsu lau, na baya ɗaya ya tsage wajen ramin noti, ɗayan kuma ba ma nata bane, safaya kuwa babu gaba ɗaya. Wani mai walda yace in kawo na Hilux ya toshe ramukan ya huda sabbi, abokaina kuma sunce in sa na alminiyon irin na zamani in huta. Ni kuma wallahi so nake ta koma yadda na santa ina yaro. Ina zan samu, kuma ya zan gane na asali ne? Daga mai karatunku a Funtua.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, kai kuma Allah ya maka albarka da baka saida ta wa 'yan gwangwan ba. Wasiƙar nan ta taɓa ni sosai.

Bari in fara da maganar mai waldan nan tunda ita ce mai haɗari. Dan girman Allah kar ka yarda. Wajen da noti ke zama a jikin wili ba rami ne kawai ba, tun daga kamfani aka buga ƙarfen ya ɗan taso yadda noti zai zauna daram ya riƙe wilin a tsakiya, idan aka toshe da walda aka huda wani da hannu to wuta ta riga ta canza ƙarfin ƙarfen, kuma ko ramin ya kauce da milimita ɗaya ne taya zata dinga wulwul, noti na kwancewa kana ɗaurewa, wata rana ka ɗora buhu goma na masara ka faɗa rami ɗaya shikenan. Na taɓa ganin irin wannan an kawo mana gareji, ramukan duk sun koma dogaye kamar ƙwai, kusoshin sun cinye rabi, mai motar yana ta mamakin meyasa sitiyari ke karkarwa. Wanda ya tsage wajen noti shima ka haƙura dashi, ba'a walda a wurin nan.

Yanzu kafin ka kashe ko sisi a kuɗin mota zuwa kasuwa, ka ciro ɗaya daga cikin na gaban nan masu lafiya, shine samfurinka. Ka wanke shi da burushin ƙarfe, ka duba tsakanin ramuka da kuma cikin da'irar inda taya ke rufewa, zaka ga rubutu da aka buga a jikin ƙarfen, lamba ɗaya faɗin wili ce a inci, ɗayar kuma girmansa, na 404 inci 15 ne. Idan kaga sunan Michelin kar ka ɗauka kuskure ne, ba taya kaɗai suke yi ba a wancan zamanin, sun yi wa motocin Faransa wilin ƙarfe da yawa. Ka ɗau hoton rubutun a wayarka.

Inda mutane suka fi faɗawa shine su je kasuwa suce a basu wilin 404 kawai. Ai 404 kala kala ce. Salun ɗinta noti uku gare ta, a-kori-kura da wagon su ne masu noti biyar saboda kaya suke ɗauka. 504 salun da 505 kuma noti huɗu ne, kaga duk basu shiga maganarka ba. Sannan ba duk mai rami biyar bane zai shiga, abinda ake aunawa shine faɗin da'irar da ramukan suka zagaye, naka milimita 140 ne, na Hilux mai noti biyar 114.3, na Marsandi ƙanana 112, na tsohuwar Land Rover wajen 165. Hanya mai sauƙi, ka sa rula daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa dashi, in kaga wajen milimita 82 to kana kan hanya, na Hilux 67 zai baka. Ni abinda nake yi ma shine in ɗora kwali akan wilin in zana ramuka biyar ɗin da babban ramin tsakiya, in yanke in sa a aljihu. Saura zurfi, ka kifa wilin a ƙasa ka gitta katako a bayansa ka auna daga katakon zuwa inda yake mannewa da mota, in zurfin bai zo ɗaya ba zai iya gugar durom ɗin birki ko tayar ta leƙo waje.

Batun inda zaka samu kuwa, abin farin ciki shine motar nan ba baƙuwa bace a ƙasar nan. A 1960 aka fara yin 404 a Faransa, kamfanin PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya, kuma ya fara haɗa Fijo a Kakuri Kaduna a 1975, Kenya ma basu daina haɗa 404 ba sai 1991, wato ƙarfenta na nan warwatse a Afirka. Ka fara da Panteka a Kaduna tunda ta fi kusa da kai, sai Ƙofar Ruwa a Kano, kuma kar ka tsaya a shagunan bakin titi masu kayan Beljiyom, su motocin yanzu suka sani, ka shiga ciki ka tambayi dattawan da suka yi zamanin Fijo. Ka tambayi na 504 a-kori-kura ma, itama noti biyar ce, amma sai ka gwada da kwalinka da awon zurfin kafin ka biya, kuma ka sani ko ya shiga ba lallai fasalinsa ya zo iri ɗaya da na gabanka ba.

Amma ni a ganina inda zaka fi dacewa ba kasuwar sifiya bace, ƙauye ne. Amalanken shanu da yawa da gindin tsohuwar mota aka ƙera su, aksul da wili da komai. Ka je Dandume ɗin nan ranar kasuwa ka zagaya inda ake ɗaure shanu, ka durƙusa ka ƙirga noti, in ka dace ka yi ciniki da mai shi cikin mutunci, ka saya masa wani aksul ɗin da tayoyinsa ya baka wannan. Haka 'yan jari bola, ka bar musu hoto da lambarka tun kafin su ɗora a sikeli a wuce dashi kamfanin narka ƙarfe. In kana da ɗan uwa a Maraɗi ko Damagaram shima ka tura masa hoton, Fijo ta daɗe tana aiki a can.

In duk ya gagara sai intanet. Ka rubuta jante 404 camionnette 5 trous a shafukan saye da sayarwa irin su Leboncoin na Faransa ko eBay, da Faransanci ake samunsu, akwai kuma ƙungiyoyin masu tsofaffin Fijo a Facebook. Sai dai ƙarfe ne mai nauyi, kuɗin kawowa zai iya fin kuɗin wilin, kuma kar ka tura ko kwabo sai an nuna maka hoton rubutun jikinsa da rula akan ramukan.

Idan ka samu, kar fenti ya ruɗe ka, sabon baƙin fenti akan tsohon wili sau da yawa tsatsa ko walda yake ɓoyewa. Ka kankare wajen ramukan noti da wajen bawul da gindin da'irar inda ruwa ke kwanciya, ka rataye shi ka ƙwanƙwasa da sifana, mai lafiya ƙara yake yi kamar ƙararrawar makaranta, mai tsaga kuma muryarsa a dushe take. Ka kai wa masu balansin su juya shi a inji ba taya, ƙaramar lanƙwasa a baki ana miƙar da ita, amma in tsakiyar ce ta karkace ka barshi. Sannan ka ce wa mai faci ya duba ko wilin yana da ɗan tudun nan na ciki da ke riƙe tubules, wato tayar da ba'a sa mata tub, tsofaffi da yawa basu dashi, in babu ka sa tub. Notin ma ka nemi irin nata kar a haɗa maka da na wata mota.

Uku zaka nema harda safaya, in ka ga huɗu a wuri ɗaya kuma aljihu ya yarda ka kwashe duka. Ka turo mana hoton rubutun jikin na gaban nan in duba maka, in ta hau titi kuma muna jiran hotonta da fentinta.