Amsar tambayarki a kan kunya da tsoron bakin mutane

'Yata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na karanta saƙonki inda kika tambaye ni ko kunyar da aka tarbiyyantar da ku a kanta ce take sa gabanki ya faɗi, tafin hannunki ya jiƙe, muryarki ta yi rawa, duk sa'ad da malami ya ce ki tashi ki yi bayani a gaban aji. Kin ce tun kina ƙarama ake ja miki kunne da "me mutane za su ce".

Magabata sun raba abubuwan nan biyu tun da suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Kunyar da muka gada tana hana mutum abin da zai zubar masa da mutunci ko da babu mai ganinsa, kuma in ya bar abin sai zuciyarsa ta natsu. Abin da kike fama da shi kuwa yana hana ki halal, har da tambayar abin da ba ki gane ba, sannan ya bi ki makwanci ki kwana kina juya kalma ɗaya da kika faɗa da rana. Nana A'isha ta yaba wa matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Dole in amsa namu laifin, mu manya, domin tsorata yaro da idon jama'a ya fi mana sauƙi a kan zaunar da shi a nuna masa dalilin hani, kuma yaron da ya tashi haka yakan girma da ganin kowace fuska kamar ta alƙali.

Masana sun ce jiki ba ya bambance wannan tsoro da haɗari na gaske. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigdala ne ke ankarar da jiki, sinadarin adirenalin ya shiga jini, zuciya ta hau bugu kamar an biyo ki da gudu. Amma mutanen da kike shakka ba su damu da ke yadda kike zato ba. A wani bincike da Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell a Amurka ya wallafa a 2000, an sa ɗalibai sanya riga mai hoton da suke jin nauyin a gan su da shi, suka yi tsammanin kusan rabin mutanen ɗakin za su lura, ashe kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura.

Gudun taro yana kawo sauƙi na yini ɗaya, gobe tsoron ya dawo da ƙarfinsa, saboda ba ki ba kanki damar ganin cewa ba abin da zai faru ba. Ki fara da ƙarami: a wannan makon ki ɗaga hannu ki yi tambaya ɗaya, ki sa hankalinki a kan amsar, ki bar sauraron bugun zuciyarki. In abin ya ɗauki watanni yana hana ki barci ko shiga aji, ki faɗa mini mu je wurin likita, domin yana da magani, kuma ni zan yi wa mahaifiyarki bayani da kaina.

Kawunki.