Amsa ga Yaya a Kan Yaranmu da Wasan Besbol

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayarka a kan dalilin da ya sa mu Hausawan da ke zaune a Bronx, a birnin New York, muke barin yaranmu suna buga besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, wanda babu wanda ya gada a cikinmu, kuma muke girmama Jim Morris, mutumin da bai daɗe a babbar gasar besbol ta Amurka ba, kamar wani gwarzo.

Unguwarmu tana kusa da sabon filin wasan besbol na Yankee, kuma idan jirgin ƙasa mai lamba 4 ya biyo ta saman titi na 161 a ranar wasa, yaro yana jin ihun 'yan kallo kafin ya san ƙa'idar wasan. Inda tsohon filin yake an mayar da shi dandalin jama'a, a can nake kai ɗana ranar Asabar bayan an tashi daga Islamiyya, da jakar allo a kafaɗa ɗaya, da safar kama ƙwallo ta fata a hannu. Hana shi zai raba shi da sa'o'insa ne kawai.

Batun girmamawa kuwa, sai ka san tsawon hanyar. Ƙungiyoyi 30 ne kacal a babbar gasa, kuma a ƙarƙashin kowace akwai ƙananan rukunai hawa-hawa, inda samari ke shafe shekaru suna yawo a bas daga gari zuwa gari, akasarinsu su tsufa ba su taka babban fili ba ko sau ɗaya. Mai jifa, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo ga mai bugu da sanda, ya fi kowa shan wuya, domin kafaɗa da gwiwar hannu su ne jarinsa.

Labarin da muka fi ba yaranmu shi ne na Jim Morris, mai jifa, mutumin Texas. Ƙungiyar Milwaukee Brewers ta ɗauke shi a 1983, amma ciwon hannu ya hana shi wuce ƙananan rukunai, har ya haƙura a 1989 ya koma koyar da kimiyya. A makarantar sakandare ta garin Big Lake, inda yake horar da ɗalibai, ya yi musu alkawarin cewa idan suka ci kofin gundumarsu zai sake gwada sa'arsa. Suka ci, shi kuma ya cika alkawari, ya je gwajin ƙungiyar Tampa Bay, ya jefa ƙwallo da gudun mil 98 a awa. Ranar 18 ga Satumba, 1999, yana da shekara 35, ya shiga wasansa na farko a babbar gasa, ya kuma fitar da Royce Clayton, mai bugu na ƙungiyar Texas Rangers, da jifarsa. Wasanni 21 ya buga gaba ɗaya, na ƙarshensu a watan Mayun 2000 a tsohon filin Yankee, wato ƙasar da ɗana ke gudu a kanta yanzu, sannan ciwon ya dawo.

A ganina, abin da ke jan hankalin iyaye a nan shi ne shekaru goman da ya yi tsakanin barin wasa da komawa, waɗanda aikin koyarwa ya riƙe masa iyali a cikinsu. Shi ya sa sharaɗinmu ɗaya ne a yawancin gidaje: sai an kawo sakamakon makaranta mai kyau, an kuma biya hadda, kafin a biya kuɗin rajistar wasa ta bazara. Bara na hana nawa zuwa fili na sati uku saboda lissafi, ya yi fushi da ni ƙwarai, amma ya gyara kafin kakar ta ƙare.