PCV ɗina lafiya amma feritin 11, daga ina gajiyar nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya. Dan Allah shekarata 31 yarana uku, an daɗe kullum cikin gajiya nake ko shara na yi sai na zauna na huta, gashina na zubewa ga wani kwaɗayin ƙanƙara da ya kama ni. Na je gwaji PCV ya nuna 37 aka ce jinina lafiya lau, amma a takardar akwai wani abu wai feritin an rubuta 11, mai lab ɗin ya ce kar na damu. To in jinin lafiya yake gajiyar fa?
Wata baiwar Allah, Zariya

AMSA: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya wannan 11 ɗin ba abin da za a ce a share ba ne.

PCV da feritin ba abu ɗaya suke aunawa ba. PCV yana nuna yawan jan jinin da ke yawo a jikinki yanzu, shi kuma feritin yana nuna ajiyar sinadarin ayon (wato sinadarin ƙarfe) da jiki ya tara a hanta da saifa da ɓargo, wanda da shi ake ƙera jan jini. Kamar tukunya ce da rumbu, ana iya dafa tuwo yau a ci a ƙoshi alhali rumbun ya kusa ƙarewa. Jiki sai ya cinye ajiyar tukun kafin PCV ya fara sauka, shi ya sa mata da yawa ake sallamarsu da "jininki lafiya" su koma gida suna fama, wannan abin yana damuna ƙwarai.

Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2020 ta ce babba in feritin ɗinsa bai kai 15 ba to ajiyarsa ta yi ƙasa, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kuma 12 ne ma'aunin. Likitoci da dama ma tun daga ƙasa da 30 suke fara magani in akwai alamomi, ke kuma ga gajiya ga zubewar gashi ga cin ƙanƙara, wasu matan farar ƙasa suke ci, duk abu ɗaya ne.

Abin tambaya shi ne ina ayon ɗin yake tafiya? A shekarunki yawanci al'ada ce mai yawa, ko haihuwa kusa da kusa jiki bai farfaɗo ba, ko tsutsar ciki. In al'adarki tana wuce kwana 7 ko tana zuwa da gudaji ki faɗa wa likita kar ki ji kunya. Namiji kuwa ko matar da ta daina al'ada in aka ga haka dole a binciki ciki da hanji ko jini na tsiyaya.

Maganin ƙwayar ƙarin jini ce irin wadda ake bayarwa wajen awo, likitanki zai tsara miki yadda za ki sha, kuma ba sati biyu ba ne, a ƙalla wata 3 sannan a sake gwaji. Bayan gida zai yi baƙi kar ki tsorata. Kar ki haɗa ta da shayi ko madara don suna hana ta shiga jiki, ki ba da tazarar awa 2, ki sha da lemon zaƙi ko ki ci gwaiba. Hanta, jan nama, kifi, wake da zogale suna taimakawa amma a 11 abinci kaɗai ba zai cike gurbin da wuri ba.

Sauran masu karatu kuma, maleriya da ciwon hanta da duk wani kumburi a jiki suna ɗaga feritin sama ko da ajiyar babu, shi ya sa hukumar ta ce babba mai irin wannan ciwo ko ƙasa da 70 aka gani a ɗauka akwai ƙaranci. Gara a bari zazzaɓi ya wuce kafin a yi gwajin. Masu sikila da ake yawan ƙara wa jini kuwa nasu ayon ɗin yawa yake yi har ya taɓa hanta da zuciya, dan Allah kar a saya musu maganin ƙarin jini a kemis sai likitansu ya duba feritin ɗin ya ce a sha.