Amsa: Kayan Hannu ko Na'urar Duba Mota, Wanne Zan Fara Saya?

Ka ce maigidanka ya yaye ka, za ka buɗe gareji, amma kuɗinka ba za su isa kayan hannu da na'urar duba mota a lokaci ɗaya ba. Fara da kayan hannu, ɗan'uwa: sifana da soket masu kyau, jak mai ƙarfi, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota. Don Allah kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Dalilin farawa da kayan hannu kuwa, aikin Toyota da Honda ne zai fi zuwa maka, kuma sifana da soket lamba 10, 12, 14, 17 da 19 za ka wuni kana ɗauka. In ka shiga Panteka, tafi da noti a aljihu ka gwada. Sifanar da ke rawa a kansa, ajiye musu kayansu, cinye kan noti za ta yi. Soket mai kusurwa shida ya fi riƙe noti mai tsatsa. Na'urar kuwa, ka riƙa aro wajen maƙwabta tukuna. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da OBD2, wato tsarin da na'urar ke bi ta karanta matsalar mota; ƙaramar na'ura ma za ta karanta maka su in ka tara kuɗinta.