Tambaya da Amsa: Ruwan sama a watan Janairu?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ƙanena yana aikin gini a Aljeriya, can bakin teku, shekaranjiya ya turo min bidiyo ta WhatsApp, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga duwatsu sun yi fari fat. Mu ko nan Damagaram hazo ne kawai, leɓe duk ya tsage. Wai damina ce a tsakiyar hunturu, ko bidiyon haɗi ne? Daga wata mai karatu, Zango.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, ba haɗi ba ne wallahi. Su tasu daminar a lokacin sanyi take, tun daga wajen Nuwamba har Maris, iska ke kwaso hadari daga Tekun Atlantika da Bahar Rum ta jibge musu, mu kuma namu ruwan daga kudu yake tasowa, Yuni zuwa Satumba.

Farin nan da kika gani dusar ƙanƙara ce, ba irin tamu mai faɗowa ƙwal-ƙwal kan kwano ba, ita laushi gare ta kamar auduga. Duk hawan mita 1000 sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6, to dutsen Jurjura da ke arewacin Aljeriya ya haura mita 2300, shi ya sa hadari ɗaya sai ya zuba ruwa a gari, ya zuba dusa a bisa.

Amma fa ki ja masa kunne, ruwan nan ba wasa ba ne, a Nuwamban 2001 ambaliya ta ci mutum sama da 700, akasari a unguwar Bab El Oued ta babban birnin ƙasar. In ɗakinsa a gangare yake ko bakin kwari ya nemi tudu, kuma don Allah ya daina kwana da garwashi ƙofa a rufe.